Gwaggo Mai Duba Toka

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Gwaggo ta riga mu. Ta tafi wata Talata da hantsi, a ɗakinta na Alhilla Kuku, unguwarmu a Khartum, kanta a kan cinyata.

Ba a kafa rumfar makoki ba, domin a wannan zamani na yaƙi taron jama'a yana jawo abin da ke faɗowa daga sama. Sai mutane suka riƙa zuwa bibbiyu, uku-uku, suna bin jikin katanga. Wanda ya shigo ya ɗaga tafukansa ya ce Fatiha, mu ɗaga namu, a shafa, ya zauna kaɗan ya tashi ya ba wani wuri.

Tsohon makaho na bakin masallaci, wanda duk unguwa ke kira Kawu, shi ya fara zuwa. Ya laluba ya zauna a bakin ƙofa. Can sai ya ce, "To yanzu wa zai riƙa zagina a kan gishiri?" Mata suna cikin kuka sai da suka yi dariya.

Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, ta rungume ni tana yi mini ta'aziyya da harshensu, "Al-baraka fikum, ya Hajja." Ta ce tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa zungurin ta da sanda sai wannan tsohuwa, kuma ba wanda ya taɓa cika mata kwano kamar ita.

'Yar liman kuwa, wadda ta yi karatun jinya muke ce mata Sista, ta zauna a gindin randa ta haɗa kai da gwiwa. Magana ɗaya take ta maimaitawa: "Na tambaye ta. Wallahi na tambaye ta. Cewa ta yi lafiya lau."

Ni ina jin su duka. A ƙullin mayafina akwai wani ɗan gwangwani da na ɗauko daga ƙarƙashin matashinta, ban nuna wa kowa ba tukuna. Zan zo kansa. Ni ban iya riƙe alƙalami ba, surukata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce ta rubuta har da inda ban yi kyau ba, don kada a manta da matar nan yadda take.

Gwaggo yayar mijina ce, Allah ya ji ƙansa. Ni Yaya nake ce mata, 'ya'yana suka ce Gwaggo, unguwa ta ɗauka, har liman da ya kusa sa'anta Gwaggo yake cewa. Ita kuma tun ranar da aka kai ni ɗakin ƙanenta take kira na Amarya. Na haihu, Amarya. Na yi jikoki, Amarya. Haƙorana suka zube, ta ce, "Amarya, ki rage murmushi, kada ango ya gani ya gudu," alhali angon ya shekara goma a kabari.

A Jazira muka zauna da fari, a kambo, wato 'yan bukkokin da masu aikin gona ke zama a gefen gonakin auduga. Ranar da na fara fita tsinkar auduga, ita ta ɗaura mini buhu a ƙugu. Ta ja igiyar har sai da na yi ƙara. Ta ce, "In bai yi zafi yanzu ba, da azahar zai zame ki yi ta ɗaurawa, mutane su wuce ki." Haka take. Alherinta kullum da ɗan zafi yake zuwa. Ba ta iya lallashi ba, ba ta iya sannu mai tsawo ba. In ta ga kina ɗingishi ba za ta ce me ya same ki ba, sai ta ce zauna, ta kama ƙafar ta cire ƙayar.

Allah bai bar mata ɗa ba. Uku ta haifa, uku ta binne a Jazira. Da na haifi ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, sai aka sa masa sunan mahaifin su Gwaggo, aka kuma ba ta shi bayan yaye, yadda ake yi. Ita ta goya shi, ita ta aurar da shi. Babana take ce masa. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Da aikin auduga ya lalace muka tattaro muka zo Khartum. Maza suka shiga dako da ƙananan sana'o'i a kasuwar Suk al-Arabi, mu mata muna soya gyaɗa muna sayarwa. Gwaggo ta yi ɗakinta a ƙarshen layinmu. Tana da sanda ta icen sunut, wato bagaruwa, da ta taho da ita daga kambo, tana da ɗan tulunta na jabana, wato gahawa, da ba mai taɓawa, kuma ba ta taɓa zama a tsakiyar gado ba, kullum a baki-baki, kamar wadda za a kira yanzu.

To, sai yaƙi ya zo.

Ba zan ba da labarin yaƙi ba, kowa yana da nasa. Abin da zan ce, kasuwa ta mutu, famfo ya bushe, wuta ta ɗauke ba ta dawo ba. Masu mota da masu dangi a nesa suka fita. Mu da ba mu da inda za mu, muka zauna. Masu bindiga suka tare kowace mahaɗa da shinge. Ɗana da ya saba fita da asuba ya dawo da abin cefane, ya koma zaman tsakar gida yana kallon hannuwansa.

Sai mutanen unguwa suka kafa takiyya a harabar masallaci, wato tukunyar jama'a: manyan tukwane biyu, yau adas, wani ɗan mitsitsin wake fale-fale, gobe balila, dafaffen hatsi, ranar sa'a a samu ful, manyan wake. Buhunan kuwa wasu bayin Allah ke aikowa daga nesa, wani mutum mai keken jaki ya ratso da su shinge bayan shinge, a kowane shinge a yanki wani abu, abin da ya tsira ya iso mana. Masu aikowa suka ce a rubuta musu gidajen da ke cikin buƙata, domin da yawan gidaje ake raba buhuna tsakanin unguwanni. Aka ba Sista takarda ta bi gida-gida.

Ta bi sauran layuka, takarda ta cika gaba da baya. Ta shigo layinmu na Hausawa. Ta yi sallama a gidan farko, ta ce yaya gida, akwai abin da ake buƙata? Aka ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Gida na biyu, lafiya lau. Na uku har suka ce ta tsaya ta sha shayi, alhali ko ganyen babu. Ta zo gidana, na fito da fara'ata na ce, "Sai godiya, 'yata. Ki duba waɗanda suka fi mu." Ta fita layinmu da gida biyu kacal a rubuce. Da buhuna suka zo, rabon unguwarmu ya ragu daidai da abin da takarda ta faɗa.

Ba ƙarya muka yi niyya ba. Haka aka raine mu. Iyayenmu sun tako da ƙafa daga ƙasar Hausa a kan hanyar Makka, suna tafe suna aiki suna ci, kuma abin da suka bar mana shi ne kada baƙo ya ji kukan cikinka. Mace ta ɗauki kwano ta tsaya a layi a gaban surukanta da 'ya'yan maƙwabta? Gara a ce ta kwanta ciwo.

Da Gwaggo ta ji, sai ta kira Sista. Ina wurin. Ta ce, "Ke 'yar liman, a cikinmu aka haife ki, amma boko ya toshe miki kunne. Wa ya ce miki ana tambayar Bahaushe da baki?"

Sista ta ce, "To da me zan tambaya, ya Gwaggo? Ba zan shiga ɗakin mutane in buɗe musu tukunya ba."

Ta ce, "Ke ba za ki iya ba. Ni zan iya."

Tun daga ranar, kowace safiya bayan rana ta ɗan ɗaga, sai ka ji ƙwas, ƙwas, sandar Gwaggo tana bin layi. A wurinmu kowace mace in ta tashi takan kwashe tokar murhun jiya ta zubar a gefen ƙofa. To wannan tokar Gwaggo ke bi. Ta tsaya, ta sa bakin sanda ta tona, ta duba, ta wuce. Inda aka yi girki, toka fara ce mai nauyi, a cikinta akwai ɓawon albasa, ko ganyen shayi, ko ƙonannen ƙanzo. Inda ba a yi ba, tokar shekaranjiya ce, iska ta lashe kanta. Ba ta iya karatu ba, amma wannan karatun ba wanda ya kai ta.

Ni kuwa na san abin da take yi, sai na shirya mata.

A lokacin gidana ya kai inda ya kai. Busasshiyar kisra, wato wainar dawa fale-fale, da muke jiƙawa da ruwa sau ɗaya a yini ta ƙare. Jikokina biyu sun daina wasa, sun koma kwanciya a inuwa. Surukata tana shayarwa, nono ya janye, kukan jaririyar ya koma siriri kamar na 'yar kyanwa. Ina gani. Ba zan ce ban gani ba. Amma kowace yamma sai in tara kwalaye da busasshen ganyen darbejiya in cinna musu wuta a murhu, in ɗora tukunya da ruwa zalla, in riƙa buga murfi don maƙwabta su ji. Da safe in kwashe tokar in zubar a ƙofa kamar kowa.

Kwana uku ina haka. A na huɗu na ji sandar ta tsaya a ƙofata, ta daɗe ba ta wuce ba. Na yi maza na hura sauran kwali na mayar da tukunya. Sai ga ta ta shigo. A bakin sandarta ta soko wani guntun kwali da bai gama ci ba, har da rubutun kamfanin sabulu a jiki.

Ta ce, "Amarya, ina kwana."

Na ce, "Lafiya lau, Yaya."

"Me ake dafawa da sassafe haka?"

"Abin da Allah ya hore."

Ta taka har murhu, ta sa gefen mayafinta ta ɗaga murfi. Ruwa yana ta tafasa shi kaɗai. Ta leƙa, ta daɗe tana leƙawa kamar mai neman nama a ƙasa. Ta ce, "Allah ya hore ruwa, na gani. Kin sa gishiri, ko haka za a sha?"

Surukata ta juya fuska bango. Ni kuwa kunya ta koma mini fushi. Na ce, "Yaya, ki fita mini daga murhu. Ni ban taɓa riƙe kwano a layi ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Uwata har ta mutu ba ta roƙi kowa ba."

Ta ce, "Uwarki na san ta. Shekarar da aka haife ki, wata uku tana cin tuwon uwata, ni ke kai mata. Ba ta mutu don ta ci ba, ke ma ga ki."

Nan na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Na ce, "Ke ai ba ki da wanda za a nuna a ce ga ɗan mai bara. Shi ya sa abin bai dame ki ba."

Ta mayar da murfi a hankali. Ta dubi jaririyar, ta dubi ɗana da ke tsaye a ƙofar ɗaki, wanda ta goya a bayanta. Ta juya, ƙwas, ƙwas, ta fita.

Na ce shi ke nan, na kashe zumuncin shekara arba'in da harshena.

Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga ta ta dawo, da faifai a ka cike da ɗanyen adas. Ta dire shi a gabana har ƙura ta tashi. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Adas ɗin da suke aiko mana rabinsa tsakuwa ne. Jiya liman ya kusa rasa haƙori. Idona ya mutu, naki da saura. Ki tsince, ki kawo masallaci kafin azahar. Ba don ke na zo ba, don haƙoran mutane."

Na ce, "Yaya..."

Ta ce, "Aiki na kawo, ba zance ba."

Na tsince. Na kai. Da aka sauke tukunya sai ta ɗauki babban kwano ta cika, ta rufe, ta miƙo mini a gaban kowa, ta ɗaga murya: "Ga na mai tsinta." Na tsaya ina kallon ta. Ta ce, "Kin manta Jazira? Wanda ya sunkuya a gona, in an kawo abincin rana, sai an roƙe shi ya ci? Haƙƙinki ne. In kin bar shi kin ci amanar aiki."

Na ɗauka. A hanya hawaye yana zuba a kan murfin. Ranar jikokina suka ci har suka yi barci a zaune, bayan kwana biyu nono ya dawo. Maganar da na faɗa mata kuwa, ba ta taɓa tayar da ita ba. Na je neman gafara ta ce, "Wace magana? Ni kunnena ya tsufa. Miƙo mini ludayi."

To daga nan fa aiki ya yawaita a takiyya. Duk gidan da tokarsa ta tona masa asiri, washegari sai Gwaggo ta je da aiki. Wannan ta wanke tukwane. Wannan ya faskara ice. Wata aikinta ta zauna ta kori ƙudaje. Wani dattijo da ya yi shekaru yana ɗinki a Suk al-Arabi, mai ji da kansa, aka ce shi ne mai ɗinke bakin buhunan da masu shinge suka farka. Kawu makaho ya ce shi ba abin da zai iya, a bar shi da Allahnsa. Ta ce, "Harshenka ma ya makance? Kai ne mai ɗanɗana gishiri." Kullum sai a kai masa ludayi, ya kurɓa, ya yi shiru kamar alƙali, ya ce ya yi kaɗan. Ta ce, "Kaɗan a gidanku! Gishirin ubanka ne?" Ya ce, "To ya yi daidai." A cika masa kwanonsa. Kafin wata ya ƙare masu ɗanɗana gishiri sun kai shida, kowannensu yana ganin in ba shi tukunya ba za ta ciwu ba.

Sista ta sake ɗaukar takarda, wannan karon tana bin bayan sanda. Gwaggo ta tona, ta ce rubuta, ta rubuta. Rabon unguwa ya dawo. Mai keken jaki da ya ga taron ya ce, "Ya Hajja, wannan takiyya taku ma'aikata sun fi masu ci yawa." Ta ce, "Sauke buhu, ɗana. Jakinka ma in yana so akwai aiki."

Akwai ranakun da buhu bai iso ba. Akwai makon da aka rufe hanya gaba ɗaya, tukunya ɗaya aka ɗora, ruwa ya fi adas. Ranakun nan ita ke riƙe ludayi da kanta, domin hannunta ba ya rawa kuma ba ya sanin fuska. Ƙarar manyan bindigogi tana tashi daga wajen gada, mata su duƙa, ita ko kai ba ta ɗagawa. Ta ce in ta zubar da ludayi ɗaya don tsoro, gidan wa za ta ce ya haƙura?

Yanzu na zo kan gwangwani.

Gwaggo tana da ciwon sukari tun kafin yaƙi. Ƙwaya take sha kowace safiya, tana ajiye ta a wani ɗan gwangwanin alewa. Da yaƙi ya yi 'yan watanni maganin ya ƙare, kantunan magani na wajenmu duk an fasa su. Ɗana bai yi shawara da kowa ba, ya tashi ya nufi Umdurman, inda aka ce ana samu. Tafiyar da a da ake yi a dawo kafin la'asar, sai da ya kwana biyar. Ya dawo ba takalmi, bayansa duk shatar bulala, an tsare shi a wani shinge an ce ɗan leƙen asiri ne. Amma maganin yana nan, ya ɗinke shi a ƙugun wandonsa.

Gwaggo ta kwantar da shi rub da ciki, ta shafa masa man riɗi a bayan, tabo bayan tabo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi godiya ba. Da ta gama ta ce, "Babana, wannan da ka kawo zai kai ni shekara."

Daga nan kowace safiya a takiyya, a gaban kowa, sai ta ciro gwangwani, ta buɗe, ta zuba a tafi, ta watsa a baki, ta bi da ruwa. In ɗana ya ce, "Gwaggo, ya kusa ƙarewa?" sai ta kaɗa masa gwangwanin a kunne, caka-caka. "Ka ji? Zauna inda kake." Sista ma ta zo da wata takardar, ta masu ciwon da ba ya rabuwa da magani, domin an ce wataƙila a riƙa saƙo magani cikin buhuna. Ta tambaye ta. Gwaggo ta kaɗa mata gwangwani ta ce, "Lafiya lau. Rubuta waɗanda ba su da shi."

Na ga tana yawan zuwa randa. Na ce zafi ne. Na ga ta rame. Na ce wa bai rame ba? Wani ƙarfe ya yanke ta a ƙafa wajen bin layi, ciwon ya ƙi rufewa, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da fita. Wata safiya na ga ta dafa katanga tana numfashi, na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Amarya."

Kuma na karɓa. Ni. Ni da na dafa ruwa zalla na buga murfi. Ni da na fi kowa sanin nauyin wannan kalma a bakinmu. Ta tona tokar kowa a layin nan, ba a samu mutum ɗaya da ya tona tata ba.

Ranar Litinin ba a ji sanda ba. Muka same ta a kwance, a bakin gado kamar kullum, tana magana sama-sama. Sista ta yi abin da za ta iya da hannu wofi. Talata da hantsi ta buɗe ido ta ce mini, "An ɗora?" Na ce an ɗora. Ta ce, "Kada a bar Kawu ya ƙara gishiri." Daga nan sai kalmar shahada.

Da muka gama yi mata wanka ina gyara shimfiɗa, hannuna ya taɓa gwangwanin. Na kaɗa, caka-caka. Na buɗe. Adas ne a ciki. Tsintacce, ba tsakuwa ko ɗaya, irin wanda nake tsincewa da hannuna.

Kwana biyu ina ɗauke da shi a mayafi ina shawara da zuciyata. In na nuna, ɗana zai san don bayansa ta yi, zai ɗauki wannan har kabarinsa. In na ɓoye, na rufa mata asiri yadda ta so, kuma gobe wani ya kaɗa mana nasa gwangwanin mu wuce. Da ta faɗa wa Sista, wataƙila da maganin ya zo cikin buhu, wataƙila da bai zo ba, Allah ne masani. Amma ko tambaya ba a yi ba, domin ba a rubuta sunanta ba.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa Fatiha a harabar masallaci, na tashi na ɗauki faifai, na buɗe gwangwanin na juye a gaban jama'a. Ƙwayoyin suka gangara suka tsaya.

Kawu ya ce, "Me ya zuba?"

Na ce, "Maganin Gwaggo ne, Kawu. Adas."

Sista ta ɗora hannu a ka. Ɗana ya tashi ya je ya dafa katanga da goshinsa, ya daɗe a haka, ba wanda ya hana shi. Da ya dawo ya durƙusa a gabana ya ce, "Da na sake zuwa, Inna. Wallahi da na sake zuwa." Na ce, "Ta sani. Shi ya sa."

Washegari da rana ta ɗan ɗaga na ɗauki sandar. Ta fi ni tsawo, kuma ban iya buga ta yadda take yi ba. Na biya na kira Sista na ce ta ɗauko takardun nan biyu, ta abinci da ta magani. Muka fara da bakin masallaci.

Na ce, "Kawu, ina kwana. Yaya hawan jinin?"

Ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina shan magani."

Na ce, "Na ji. Miƙo in gani."

Ya ce, "Au, ke ma kin fara? Ko kwana huɗu ba a yi ba."

Na ce, "Miƙo, Kawu."

Ya yi ta laluben aljihu, ya shiga wannan ya fita wancan, yana gunaguni. Can ya ciro 'yar kwalba ya riƙe ta a tafinsa, ya ƙi saki. Na jira. Da ya gaji ya buɗe hannu. Ba komai a ciki sai audugar da ake toshe baki da ita. Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Tun kafin azumi."

Na ce, "Sista, rubuta."

Muka bi layi har ƙarshe, muna tona toka muna buɗe kwalabe. Wasu suka yi fushi, wata ta ce mini abin da ya fi wanda na faɗa wa Gwaggo zafi. Na ce kunnena ya tsufa. Da muka zo ƙofar ɗakin Gwaggo, inda ba sauran gida, Sista ta tsaya ba ta rufe takarda ba. Ta dube ni ta ce, "Saura gida ɗaya. Ke fa, Inna? Na ga kina dafe ƙirji in kin yi tafiya."

Na buɗe baki. Kalmar nan ta taso da kanta, har ta iso bakin harshena, sumul, yadda uwata ta koya mini. Na dubi sandar da ke hannuna. Na haɗiye ta.

Na ce, "Wata uku ke nan. In na hau 'yar tudu sai numfashi ya tsaya. Kuma garin tuwonmu ba zai kai Juma'a mai zuwa ba. Rubuta."

Ta rubuta.

Allah ya ji ƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya yafe mana abin da muka gani muka kawar da kai. Ya haɗa ta da 'ya'yanta uku da ta bari a Jazira. Ya sanyaya makwancinta, ya ciyar da ita yadda ta ciyar. Allah ya sa a can inda take, in aka tambaye ta ta ce lafiya lau, ya zama gaskiya ta faɗa. Amin.